Injiniyan Kumbon Gamzaki

Daren Asabar ɗin nan ban runtsa ba. Na kwanta a ɗakina na bakin zaure a gidanmu na Fagge, fanka tana juya iska mai zafi a kaina, tambaya ɗaya kuma tana juyawa tare da ita: abin da na shirya yi gobe da yamma ceton rai ne, ko kuwa tsoro ne na ɗinka wa babbar riga? A ƙarƙashin gadona akwai gwangwanin madara cike da yashi mai laushi da na tankaɗe da hannuna. Niyyata in zuba shi cikin baƙin man injin kwaɓa kankare na kawuna, kafin a tada shi ranar Litinin.

Sunana Moshood. Kakanninmu daga Ilori suka zo da fatauci, amma ni da mahaifiyata duk a Fagge aka binne mana cibiya. A shekarar 1976 na dawo gida bayan jami'a da bautar ƙasa, ɗauke da takardar shaidar injiniyan gine-gine, na tarar da aiki yana jirana a wurin Alhaji Raji, ƙanin mahaifiyata, wanda muke kira Baba. Shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina. Da ɗinki ya ciyar da mu, kuma ranar da zan tafi Zariya shi ya ɗauki akwatina a kansa har tasha, yana Alhaji, ya hana kowa karɓa. Da kuɗin mai suka malalo, kwangila ta riƙa faɗowa kan mutane kamar ruwan Agusta, sai ya rufe keken ɗinki ya zama ɗan kwangila.

Aikin da ke hannunmu bene ne na wata attajira, Hajiya Gumsu, a bakin Kasuwar Singa: shaguna a ƙasa, sito a sama, inda za a jibge buhunan shinkafa da sukari a kan mutanen da ke ciniki. Siminti ya yi wuya a lokacin, sai Baba ya samo wani mai sauƙi daga Legas. Tun da na sa hannu a buhun farko jikina ya yi sanyi. Irin wanda ya daɗe a cikin jiragen ruwa ne yana jiran layi, danshi ya daskarar da shi, wani marar tsoron Allah ya niƙe shi ya sake ɗurawa a sababbin buhuna. Na kwaɓa kaɗan a bayan sito, na yi ta ba shi ruwa. Da lokacin da ya kamata ya zama dutse ya cika, na taka shi da diddige, ya wargaje kamar ƙuli-ƙuli. Da shi za a zuba dekin benen, wato rufin kankaren da siton zai hau kansa, ranar Litinin.

Na taɓa gwada magana sau ɗaya. Na ce, “Baba, simintin nan kamar ya ɗan kwana biyu.” Ya ce, “Siminti ai siminti ne, ɗana,” ya shiga tambayata yaushe zan kawo masa suruka. A gidanmu yaro ba ya maimaita wa babba maganar da babba ya riga ya ajiye. Don haka na yi lissafin da a lokacin ya yi mini kama da ladabi: idan injin ya mutu, kayan gyaransa sai an jira su daga tashar Legas, kuma kowa ya san abin da jiran nan yake nufi. Kafin nan damina ta gama da sauran buhunan, dole a sayi wasu. Ba wanda zai mutu, ba kuma wanda zai ce ɗan riƙo ya kunyata mariƙinsa. Lalata inji ya fi mini sauƙi a kan buɗe baki.

Da aka kira sallar asuba na tashi da kai mai nauyi, na tuna cewa yau Lahadi, ranar wasanmu ce.

Wasan nan Lateef ne ya zo mana da shi, ɗan Baba na fari, wanda ya yi wani gajeren kwas a Amurka ya ga ɗalibai suna yin irinsa. Bai zo da littafi ko takarda ba, don haka muka ƙaga namu dokokin. Mutum ɗaya yana riƙe labari, shi ne duniya da duk abokan gaban da ke cikinta. Sauran kowa ya ɗauki mutum ɗaya ya zama shi, ya faɗi abin da zai yi, sai ƙwayar ludo ta yanke ko ya dace ko bai dace ba. Ni ne mai riƙe labari. Labarinmu na wani kumbo ne mai suna Gamzaki, wanda ya kwashi mutane da iri da awaki zai kai su wata duniya a bayan taurari. Doka ɗaya ce ba a taɓawa: wanda ya jefa shida yana da damar yin tambaya ɗaya ga kowa a cikin labarin, kuma dole mai riƙe labari ya amsa da muryar wanda aka tambaya, gaskiya tsantsa.

Muna yi ne a tsakar gidan Mama Agnes a Sabon Gari, bayan Titin Faransa, idan sun dawo daga coci. ’Ya’yanta biyu ne sauran ’yan wasan. Adaeze, mai koyon aikin jinya, ita ce kyaftin. Yayanta Onyekachi, abokina tun muna farautar ƙadangaru da danƙo kafin yaƙin basasa ya raba mu, shi ne mai kula da wutar injin kumbo. Ya ce ba zai wahalar da kansa ya zama wani ba, tun da a duniya ma shi ne mai tada injin kwaɓa kankare na Baba. Lateef kuwa soja ne mai bindigar haske, wanda bai taɓa harbi ya samu ba.

Abokin gabansu Injiniya Goni ne, babban injiniyan kumbon, wanda ya juya ya zama mai ɓarna. Da na ƙirƙire shi, mugu ne kawai mai hassada, yana kwance notuna a ɓoye yana yanke wayoyi. Amma tun da simintin nan ya iso, Goni ya fara sauyawa a hannuna ba tare da na yi shawara da shi ba. Ya daina dariyar mugunta. Ya zama mutum mai yawan shiru da ke yawo shi kaɗai yana ƙwanƙwasa bangon kumbo yana saurare.

Na isa da babur ɗina bayan azahar. Mama Agnes tana bakin murhu tana tace manja a kwalabe.

“Sannu da aiki, Mama.”

“Ka zo, Injiniya? Idonka ya yi ja. Shiga, ’yan sama jannatinka suna can sun cinye mini gyaɗa. Mutane na gina benaye, ku kuna tafiya wata a kan tabarma.”

Muka zauna a inuwar gwanda. Lateef ya shimfiɗa kwalin da muka zana taswirar kumbon a bayansa, ya jera marafan kwalba a madadin mutane. Na ɗora daga inda muka tsaya: sun bi sawun Goni har ɗakin inji, sun same shi durƙushe a gaban babban injin, ya buɗe murfin mai, tafin hannunsa cike da garin ƙarfe.

“Na harbe shi,” in ji Lateef, tun ban rufe baki ba. Ya hura wa ƙwayar iska ya jefa. Biyu.

“Ka samu bututun ruwa,” na ce. “Ruwa yana feshi a kan kowa.”

“Wannan soja, da za a tura shi ya harbi Dala, Goron Dutse zai samu,” in ji Onyekachi.

“Ƙwayar nan taku ce, ta san Inyamurai,” in ji Lateef.

“Ta san masu hankali dai. Ba ni nan, ɗan Alhaji,” Adaeze ta ce. Ta karɓa, ta jefa ba tare da wani tsafi ba. Shida. Ta gyara zama, ta haɗe fuska irin ta kyaftin. “Injiniya Goni, kai ka gina injin nan da hannunka. Me ya sa kake so ka kashe shi?”

Na sauke murya kamar yadda nake yi idan Goni zai yi magana, sai na ji muryar ba ta yi nisa da tawa ba.

“Bangon kumbon nan ya tsage, ranki ya daɗe. Ƙarfen da aka yi shi da shi ruɓaɓɓe ne. Gobe za a ba inji cikakkiyar wuta, kuma ranar da nauyi ya hau bangon, zai buɗe a kan duk wanda ke ciki. Idan inji ya mutu, ba za a ba shi wuta ba.”

 Lateef ya daina tauna gyaɗa.

“Kai, ashe mutumin kirki nake ta harbi,” ya ce.

“Shi ya sa Allah bai taɓa ba ka sa’a ba,” in ji Adaeze. Ta juyo wurina. “To me ya hana shi faɗa?”

“Tambaya ɗaya doka ta ba ki.”

“Dokar banza. Wa ya kafa ta?”

“Ke.”

Na ci gaba da labari. Na sa ruwan da Lateef ya fasa ya fara taruwa a ƙasa, na sa fitilu suna ƙiftawa, domin in ba su abin yi. A raina ina jin wani irin daɗi marar kyau. Sun ji dalilin Goni, sun tausaya masa. Na ɗauka hukuncin da na zo nema ke nan, cewa mutanen da na fi yarda da su a duniya sun wanke ni ba tare da sun sani ba.

Sai juyi ya zo kan Onyekachi. Ya ce zai toshe bututun da rigarsa, ya jefa ƙwayar da yatsa biyu. Ta gangara ta bugi ƙafar kujera ta tsaya. Shida.

“Wallahi an yi wa ƙwayar nan wanka,” Lateef ya ce.

Onyekachi ya yi miƙa, ya kwanta a kan gwiwar hannu yana murmushi. Bai taɓa ɗaukar wasan da nauyi ba, kullum tambayoyinsa na abinci ne, ko awakin kumbo sun haihu.

“Oga Injiniya,” ya ce, “ni ba ruwana da bango. Makullin ɗakin nan a wuyana yake rataye, kowa ya sani. Da ba mu kama ka ba, gobe inji ya mutu, aka kira masu gyara suka buɗe cikinsa suka ga gari a cikin mai, wa kyaftin za ta jefa waje?”

 Duk daren jiya na auna Baba, na auna Hajiya Gumsu, na auna mutanen da za su zauna a ƙarƙashin dekin, na auna sunana. Na ɗauka za a ce inji ya lalace, kamar yadda injuna suke lalacewa kullum a garin nan. Ban taɓa kai tunanina ga safiyar da makaniki zai kwance shi ya murza man a tsakanin yatsunsa ba, balle ga wanda za a fara nema da ido.

“Doka, Malam,” in ji Adaeze. “Gaskiya tsantsa.”

“Kai,” na ce. “Kai za ta jefa.”

Onyekachi ya tafa hannu yana dariya. “Kun ji ko? Mutumin kirkinku ke nan, Lateef. Zai ceci kowa, ni kuma in tafi yawo cikin taurari ba ko ɗan kamfai.” Ya ɗebi gyaɗa ya watsa a baki. “Ai ko a ƙasa haka take. Inji ya mutu, mai tada shi ake kaiwa caji ofis. Balle a ce an sami ƙasa a ciki, kuma mai tada shi sunansa Onyekachi.”

Da wasa ya faɗa. Amma na ga hannun Mama Agnes ya tsaya a kan mazurari, manja yana ɗiga a gefen kwalba, har sai da ta ankara ta goge. Ba su daɗe da dawowa daga Gabas bayan yaƙin ba, kuma gidan nan ma da kyar suka same shi. Na dubi kwalin da ke gabana, zanen ya yi mini dishi-dishi.

“To yanzu me za a yi da shi?” Lateef ya tambaya. “Ni dai a ba ni dama ɗaya, daga kusa.”

“Ajiye bindigar nan kafin ka kashe akuya,” Adaeze ta ce. “Wa ya sayo ruɓaɓɓen ƙarfen?”

Ba ta jefa shida ba, amma ban tuna mata ba. “Tsohon da ya mallaki kumbon,” na ce. “Yana can ɗakinsa na sama. Bai san ruɓaɓɓe ba ne, cutarsa aka yi.”

“To hukuncina ke nan. Goni zai hau da ƙafarsa ya gaya wa tsohon. Ba soja, ba rakiya.”

“Ba zai iya ba, ranki ya daɗe,” na ce, kuma a wannan karon ban ma yi ƙoƙarin sauya murya ba. “Tsohon ne ya raine shi. Shi ya koya masa riƙe cokali kafin ya riƙe sifana. Ba a duban idon wanda ya raine ka a ce masa ya yi kuskure.”

“Wa ya ce ya dubi idonsa? Ya dubi ƙasa, ya faɗa.”

“Tsofaffi ba sa ji,” in ji Lateef. “Ni shaida ne, ina da guda a gida.”

“Ji nasa ne, faɗa na Goni ne,” ta ce. “A asibiti kullum muna gaya wa manya abin da ba sa so. Ka durƙusa, ka kira shi Baba, ka soka masa allurarsa. In ya zage ka, ka ce na gode.”

“In ya kore shi fa?” na ce.

“Sai ya zo ya taya ni shebur,” Onyekachi ya ce. “Akwai wuri.”

Aka kira la’asar daga wajen Fagge. Lateef ya tattara marafan kwalba yana gunaguni cewa an tashi ba a yi faɗa ba. Mama Agnes ta hana mu tafiya sai da muka ci doya da manja. Na ci, ina dubansu ɗaya bayan ɗaya: Lateef da ke lashe yatsa yana ba da labarin dusar ƙanƙara a karo na ba adadi, Adaeze da ke gyara masa ƙarya, Onyekachi da ya jingina da bango ya lumshe ido. Har yau ban sani ba ko wani a cikinsu ya gane abin da na kawo musu a naɗe cikin labari. Ba su tambaya ba. Sun karɓi mutumin da na ajiye a gabansu, ba su kashe shi ba, ba su kuma wanke shi ba, sun yi masa abin da ya fi duka biyun wuya da amfani. Ban san yadda ake gode wa mutane a kan irin wannan ba, sai na ce wa Mama doyar ta yi daɗi, na maimaita har ta dube ni.

Da yamma ban bi ta Singa ba. Na wuce gida, na juye gwangwanin a kwata.

Washegari bayan sallar asuba na taka zuwa gidan Baba a Kwaciri. Na same shi a zaure a kan tabarma, carbi a hannu, rediyo tana magana ƙasa-ƙasa, kwanon koko a gefe bai buɗe ba. Na cire takalma a waje. Na kwanta rub da ciki na gaishe shi yadda ake gaida manya a gidanmu, sannan na tashi na durƙusa.

“Lafiya da sassafe, Moshood? Iyarka lafiya?”

“Lafiya lau, Baba.”

“Ai na ɗauka kana can wurin aiki. Yau ne zubi.”

Na kafa idona a kan saƙar tabarmar, inda wani zare ja ya ratsa ta.

“Baba, simintin nan ya mutu. Wanda ya sayar maka ya cuce ka. Idan aka zuba shi, dekin zai tsaya ya yi kyau a ido, amma ranar da aka jibge masa buhuna zai sauko a kan mutane. Na gwada, na tabbatar. Ka yi mini komai a duniya, kuma ba ni da bakin da zan yi maka musu. Amma ba zan iya tsayawa a kan zubin nan ba.”

Ya miƙa hannu ya kashe rediyo. Na ji ƙarar carbin ta tsaya. A cikin gida wani yana jan ruwa a rijiya, guga tana bugun bango.

“Wa ka faɗa wa?”

“Ba kowa, Baba. Kai ne na farko.”

“Ka san abin da na jingina kafin in sayi kayan nan?”

“Na sani.”

“Ka sani.” Ya yi wata gajeriyar dariya marar daɗi. “Yaron da na goya a gindin keken ɗinki. Yau shi ne ya zo zaurena yana karanta mini.”

 Gwiwoyina suka fara zafi a kan siminti, na bar su. Na fara shirya yadda zan gaya wa Iya cewa ɗan’uwanta ya sallame ni. Sai na ji ya ja numfashi, ya ɗauki carbinsa.

“Ɗago kanka.”

Ban ɗago ba.

“To zauna a haka, mai taurin kai. Ka je ka ce wa ɗan Agnes kada ya tada inji. Ban ce na yarda ba, ka ji ni da kyau. Cewa na yi kada ya tada sai na zo na gani da idona.”

“Na gode, Baba.”

“Tashi ka ba ni wuri.”

Na fita da baya, na sa takalma, na koma gida na ɗauki babur. Lokacin da na isa bakin Singa motocin kaya sun fara shigowa, leburori sun jeru da kwanukansu a gindin tsani, an tara yashi da tsakuwa. Onyekachi ya riga ya zura hannun tada inji a raminsa, yana tofa yawu a tafinsa.

“Dakata,” na ce. “Baba ya ce a jira shi.”

Ya dube ni, ya dubi buhunan da aka jera a bakin sito. Ya zare ƙarfen ya ajiye a ƙasa. Na sallami leburori su je su karya kumallo, sannan na jawo bulo biyu zuwa inuwa, muka zauna muna duban hanyar da motar Baba za ta ɓullo.